Ƙanjamau: Ina Aka Kwana a Kan Neman Waraka?



An nemi mu yi magana a kan ko akwai ranar da za a sami maganin da ke warkar da ƙanjamau ɗungurungum. To, mu 'yan fadamar Haɗejiya ne, saboda haka da gaiwa za mu fara. Kowa a nan ya san idan ruwa ya janye, gaiwa takan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta, ta cinye rani ba ci ba motsi. Mai wucewa sai ya ga busasshiyar ƙasa, alhali kuwa da rai a ƙarƙashinta. Damina na sauka sai ta fito.

Haka ƙwayar cutar nan take. Magungunan da aka fara haɗawa a 1996 suna hana ta hayayyafa, har a auna jini a kasa ganinta, mutum ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu, ya tsufa. Amma wani kashi nata ya riga ya saƙa kansa cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, ya yi lamo inda magani ba ya taɓa shi. Ranar da aka bar magani, galibi cikin 'yan makonni ta dawo. Wannan maɓoya ita ce ta gagari masana.

Duk da haka an warkar da mutane. Na farkonsu Timothy Ray Brown ne, Ba'amurke mazaunin Berlin, wanda sankarar jini ta kama bayan ƙanjamau. A 2007 aka yi masa dashen ɓargo daga wani mutum da aka halitta ba tare da ƙofar da cutar ke bi ta shiga ƙwayoyin jini ba, wadda masana ke kira CCR5. Ya rayu ba magani har 2020, sankarar ce ma ta yi ajalinsa. A 2019 aka ba da labarin na biyu a Landan, Adam Castillejo, sa'an nan wasu ƙalilan suka biyo baya. Sai dai dashen ɓargo kansa yana iya kisa, shi ya sa ba a yi wa kowa sai mai sankara. Rashin ƙofar nan kuwa, kusan mutum 1 cikin 100 na Turawan arewacin Turai ke da shi, a jinin baƙar fata da wuya a same shi, ga shi kuma kimanin kashi biyu cikin uku na masu cutar a Afirka suke. Watau an ɗinka riga, amma ba da awonmu ba.

Abin da ya fi ba mu ƙwarin gwiwa daga Durban ta Afirka ta Kudu ya zo a 2025. Farfesa Thumbi Ndung'u da abokan aikinsa sun ɗauki mata 20 da suka fara magani tun cutar na sabuwa, suka ba su sinadaran garkuwa masu kama ƙwayar, haɗe da wani magani mai zaburar da jiki, kamar dai a kwarara wa gaiwa ruwa don ta fito a cafke ta. Aka tsayar musu da magani ana sa ido. Huɗu suka kai shekara ɗaya da rabi ba su koma kansa ba. Huɗu cikin ashirin ba waraka ba ce tukuna, amma a jikin matan Afirka aka gwada, kuma ba a dasa wa kowa ɓargo ba. Allurar lenacapavir da ake yi sau biyu a shekara kuwa, rigakafi ce, kada a ruɗe mu.

Mu dawo gida. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na baligai a Nijeriya na ɗauke da cutar, Jigawa kuwa 0.3. Abin godiya ne, sai dai inda masu ciwo suka yi ƙaranci a nan kunya ta fi nauyi. Mun san waɗanda ke tsallake asibitin garinsu su tafi Kano karɓar magani don gudun idon sani. Ku tuna ambaliyar 2022 da ta yanke hanyoyi: mai irin wannan tafiya daga Guri ko Kirikasamma, ina zai bi? A Janairun 2025 kuma Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, muka ga yadda maganin da muke ɗauka tabbas ne yake rataye da alƙalamin wani.

A irin wannan giɓi ne mai lasifika ke kafa motarsa a kasuwa, yana rantsuwa cewa kwalba uku sun isa. Ba talaka kaɗai ke wannan ciniki ba. A 2007 Yahya Jammeh, yana shugaban Gambiya, ya ce yana warkarwa da ganyaye, ya sa marasa lafiya suka ajiye magungunansu, wasu suka rasa rayukansu.

Cikinmu akwai masu karatun likita, akwai waɗanda suka fara aiki a sakatariya a Dutse. Duk ranar da aka kawo muku labarin sabon magani, ku tambaya ko mutum nawa aka gwada, wata nawa suka yi ba magani, nawa ne kuɗinsa, kuma ko ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin Auyo za ta iya ba da shi ranar da babu lantarki.