Buɗin Wasa: Jawabi Kan Shigar da Darar Turawa Makarantunmu

Shugaban reshe, iyayenmu malamai, 'yan uwa da iyalai.

Ranar 23 ga Yuli, 1972, a Reykjavik, babban birnin Aislan, Bobby Fischer na Amurka da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet suka zauna wasa na shida a gasar kambun duniya ta ces, wato darar Turawa. Duniya ta san Fischer da buɗi guda: tura dakaren da ke gaban sarki gida biyu. Ran nan sai ya tura dakaren layi na uku daga hagunsa, wasa ya gangara cikin buɗin ɓangaren sarauniya, inda ake miƙa dakare don a mallaki tsakiyar fage. Spassky ya ƙi karɓa, ya kafa kariyar Tartakower, wadda ya daɗe yana dogaro da ita. A motsi na 41 ya miƙa wuya, kuma da 'yan kallo suka ɗauki tafi, shi ma ya taya su.

Abin da muke so mu lura da shi, Fischer ya shiga gonar da bai saba nomawa ba, bai kuwa ɓata ba, domin ya san dalilin kowane motsi. Haddar buɗi kaɗai ba ta kai mutum nan. Mu da muke fama da ɗaliban da za su zubo ma'anar kalma tiryan-tiryan, amma a juya tambaya su yi tsuru-tsuru, mun san ciwon.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a Wudil. Dattawan da ke dara a gindin bishiya sun san gurbi talatin ne, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, kuma tun wajen zuba su ake gane wanda zai sha kashi, alhali babu littafin da suka haddace.

Saboda haka muke roƙon reshe ya nema mana sa'a ɗaya a mako a makarantun firamare da sakandare. Kuɗi ba zai zama hujja ba: kwali da murafan kwalba sun isa fage, kamar yadda dara ba ta taɓa neman fiye da ƙasa da tsinke ba. Sharaɗinmu ɗaya ne, duk yaron da ya motsa ɗa, mace ko namiji, a tambaye shi dalili kafin a ci gaba. Makarantun da suka shirya farawa a zango mai zuwa su miƙa sunayensu ga sakatare kafin mu tashi.