Jawabin Yaye Matasan Lambu a Kurmin Kogi



Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Malam Liman da sauran malamai, Allah ya gafarta muku. Sarkin Noma da manyan manoma, malaman gona, iyaye mata, baƙin da suka taso daga Ikara da Paki da Saulawa, da na Makarfi da Hunkuyi da Kudan, sannunku da hanya, barka da zuwa Kurmin Kogi.

Taron yau na yaye matasa ne, maza da mata, waɗanda suka kammala horo a kan noman lambu da tattalin ruwa. Lokacin kuwa ya dace. Damina ta ɗauke, kaka ta shigo, masu lambu sun zuba iri a wurin reno. Nan da 'yan makonni ƙugin injina zai cika fadamu, kuma daga ranar har zuwa ruwan shuka, duk ganyen da zai yi kore a lambunan ƙasar nan zai yi ne da ruwan da aka ɗebo da hannu ko aka jawo da fetur.

Allah bai hana wannan yanki ruwa ba. Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta daɗe tana auna ruwan saman ƙasar Zazzau, kuma abin da ke sauka a shekara yana kai kimanin milimita 1,000. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Ke nan kowace hekta tana shan lita wajen miliyan 10 a damina guda. Tumatir kuwa, bisa lissafin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, milimita 400 zuwa 600 yake bukata daga dashe zuwa tsinka ta ƙarshe. Ruwan da ke zuba a kan gona ya kusa ninka abin da tumatir zai sha. Sai dai cikin wata biyar yake saukowa, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, da yawansa ya bi kwazazzabai ya wuce, ya bar manomi da wata bakwai na rani. Abin da waɗannan matasa suka koya shi ne yadda za a riƙe rabon da ya rage, a sa shi ya daɗe a cikin ƙasa.

Dattawan da ke zaune a nan sun san fari ba a labari ba. Kakanninsu sun ba su tarihin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, su kuma sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu, lokacin da dabbobi suka yi ta faɗuwa, mutanen arewa suka kwararo kudu neman abinci. Bayan farin 1973 ne aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura. Daga baya ƙananan injina suka shigo fadamu, shirin Fadama na Bankin Duniya ya ƙara yaɗa su tare da gajerun rijiyoyin burtsatse daga farkon shekarun 1990, jigo ya ja da baya har yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganinsa ba.

Inji alheri ne, babu mai musu. Mutum ɗaya ya iya shayar da filin da a da sai gayya. Amma akwai abin da ya tafi tare da jigo. Mai jigo yana jin nauyin kowane guga a kafaɗarsa, don haka ba ya zuba wa kwami fiye da abin da zai sha. Mai inji kuwa yakan tayar da shi ya koma gindin bishiya, ruwa ya cika kwami ya tumbatsa, ya wanke takin da aka saya da tsada, ya kwanta a hanya rana ta shanye. An yi shekaru ana haka saboda fetur na da araha. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Tun daga nan duk ruwan da ya malale a banza kuɗin mai lambu ne ya malale.

Ga kuma zafi. Babu wanda ya yi azumin 2024 da zai manta da shi. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu na shekarar, zafi ya rufe ƙasashen Sahel, har garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga gawa 102 a kwana huɗun farko na watan, da yawansu tsofaffi. Masana yanayi da suka bincika sun ce zafi irin wannan ba zai auku ba in ba don ɗumamar da hayaƙin mai da kwal ya jawo wa duniya ba, kuma shekarar ta zama mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Mai lambu ba ya bukatar ma'auni kafin ya gane. Idan zafin rana ya doshi digiri 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, furen tumatir yana kaɗewa bai ɗaura ɗa ba. Shuka ga ta kore shar, ga ganye, babu 'ya'ya.

Zafin kuma abokin tafiyar tsutsar nan ce da manoma suka raɗa wa suna sharon. A watan Mayu na 2016 sai da gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir saboda ɓarnarta, kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa ya tsaya don rashin abin niƙawa. Ta sake dawowa a bazarar 2024, kwando ya haura naira 100,000 a kasuwannin Legas, amma manomin da gonarsa ta ƙone bai ga ko sisi daga wannan tsada ba. Yankin da aka gina wa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara tun 1981 ya cancanci ya fi kowa sanin yadda ake kauce wa irin wannan asara.

Hanya ta farko ita ce gaggawar dashe. Tumatirin da aka dasa a Oktoba ko Nuwamba zai yi fure cikin sanyin hunturu, ya ɗaura, a tsinke mafi yawansa kafin bazara ta kankama. Wanda ya makara ya haɗu da Maris da fure a ka. Idan zafi ya shigo, akwai masu jure masa: kuɓewa, rama, yakuwa, alayyahu. Mai hankali yakan rage filin da yake shayarwa a wannan lokaci, ya ba kaɗan ruwa isasshe, domin tumatirin da yau ya ƙoshi gobe ya yi ƙishi shi ne ke tsagewa, shi ne gindinsa ke yin baƙi ya ruɓe.

Sai rufe ƙasa, kuma a nan ne ya kamata manyan manoma su saurara da kyau, domin kayan aikin na hannunsu. Ƙasar da aka bari tsirara tana gasuwa da rana, ta yi ɓawo, iskar hunturu ta zuƙe danshinta. Idan aka shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa, ko ƙaiƙayin shinkafa, ko ganyen rake, kaurin yatsu uku zuwa huɗu, aka bar ɗan fili a gindin shuka don kada ya ruɓe, danshi yana zama, saiwa tana samun sanyi, ciyawa ba ta samun hasken tsirowa, kwanakin da ke tsakanin ban ruwa suna ƙaruwa. Daga baya shimfiɗar ta ruɓe ta zama taki. Ƙasar Makarfi da Kudan ƙasar rake ce, kowa ya san mazarƙwailarsu. Duk shekara bayan sara ana tara ganyen rake a cinna masa wuta, alhali ga lambu a gefe yana ƙonewa da rana. Abin takaici ne ƙwarai, kuma ba ya bukatar kwangila ko tallafi kafin a gyara, amalanke ɗaya ta isa. Haka takin gargajiya: ƙasar da ta sha kashin shanu da na awaki da shara ruɓaɓɓiya tana riƙe ruwa kamar soso, abin da buhun takin zamani ba zai taɓa yi mata ba.

Ban ruwa kuma a yi shi da sassafe ko da la'asar sakaliya. Kafin a tayar da inji a tura yatsa cikin ƙasa. In an ji danshi a ƙasan gaɓa ta biyu, a bari sai gobe.

Matasan sun ga yadda ake ban ruwa da ɗigo, bokiti ko duro a kan dakali, siraran tiyo masu huji suna kai ruwa gindin kowace shuka. Lissafin masana ya nuna a malale, cikin kashi 100 na ruwa, kimanin 60 ne ke amfanar shuka, a ɗigo kuwa ya kai 90. Tiyon na da tsada, yana kuma toshewa in ba a tace ruwa ba, don haka ba kowa ne zai fara da shi bana ba. Amma akwai ɗan'uwansa da maginan tukwane na ƙasar nan za su iya yi: tulun ƙasa da ba a shafe ba, a binne shi zuwa wuya a tsakiyar kwami, a cika, a rufe baki. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinsa daidai yadda ƙasa ta bushe, saiwoyi su kewaye shi. Wannan ya fi dacewa da lambun cikin gida, inda iyaye mata ke renon zogale da alayyahu da attaruhu da ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka. Rufin kwano mai murabba'in mita 50 yana zubar da lita 50,000 a damina, wato duro 250, ko kashi ɗaya cikin goma aka tara an samu abin lallaɓa lambu.

Kada wani ya raina tukunya. Marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya saka ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatirin da ke laushi cikin 'yan kwanaki ya kai mako uku, babu lantarki. Wannan aiki ya ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000, tukwanen suka bazu a ƙauyuka har wajen Najeriya.

Maƙwabta na arewa, waɗanda ruwansu bai kai na nan ba, sun riga sun yi nisa. A Illela ta jihar Tawa, manoma sun farfaɗo da faƙon da aka yi watsi da shi ta hanyar haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, a zuba taki a ciki, ruwan sama ya taru ya nitse. Sun ƙara gogewa ne bayan wasunsu sun je Burkina Faso a 1989 sun ga aikin manoman Yatenga, ƙasar marigayi Yakuba Sawadogo, wanda duniya ta karrama a 2018. A Maraɗi da Damagaram kuwa, tun daga shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture wajen sassabe, suna barin tohon itatuwa ya tashi, har aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Gawo na cikin manyansu, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma yi ganye da rani lokacin da ake neman inuwa.

Jikin mai lambu ma shuka ne da ke bukatar kulawa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. A sha ruwa kafin a ji ƙishi, a yi aiki mai nauyi da sanyin safiya, a sa malafa. Shari'a da kanta ta yi sauƙin jinkirta azahar idan zafi ya tsananta, balle noma. Wanda aka ga jiri na ɗibarsa, yana sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi masa fifita, a garzaya asibiti. Tsofaffi da jarirai da masu juna biyu su ne zafin ɗakin kwano ya fi cutarwa, a riƙa leƙa su da tsakar rana.

Ranka ya daɗe, akwai ɓangaren da ya fi ƙarfin matasa, sai da sa hannun sarauta. Ruwan fadama na kowa ne. Wanda ke sama in ya kwana yana zuƙa, na ƙasa ya wayi gari da busasshiyar rijiya, makiyayi ya zo bai sami mashaya ba, daga nan rigima ke tashi. Injin mai aiki da hasken rana ya fara shigowa, abin farin ciki ne, amma tunda ba ya cin fetur, babu abin da zai hana mai shi barinsa yana zuba tun hantsi har yamma, sai tsoron Allah da dokar gari. Ana roƙon Hakimi da dagatai su tsara kwanakin ban ruwa a inda rafi ke ja baya, su hana sare itatuwan bakin rafi da ƙona ganyen rake, su tsare burtali da mashaya. Ana roƙon ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan su yashe tafkunan da yashi ya cike tun kafin damina mai zuwa. Iyaye kuma su ba waɗannan yara fili, ko da kwami goma ne, su bar su su gwada abin da suka koya gefe da gefe da yadda aka saba, a ƙirga litar fetur da kwandunan da kowane ɓangare ya ci ya kuma bayar.

Allah ya sa albarka a hannuwansu, ya ba da rani mai sauƙi da damina mai amfani. Yanzu za a kira sunayen ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, ana kuma roƙon Mai girma Hakimi ya taso ya miƙa musu takardun shaida.