Ɗanmu a Jami'ar Ƙasar Waje: Amanar da Ba Ta Ƙarewa a Filin Jirgi

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a Jiga Makera



Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, malamanmu masu daraja, shugabannin wannan ƙungiya, da ku 'yan'uwa maza da mata da kuka baro Birnin Kebbi da Sakkwato da Kaduna da Abuja da Legas domin halartar wannan zama, muna yi muku barka da zuwa gida.

An nemi mu yi magana a kan rayuwar 'ya'yanmu da ke karatu a jami'o'in ƙasashen waje. Abin da za mu faɗa mun tsinto shi ne daga bakin yaran da suka bi ta hannunmu a firamare, suka ƙetare, suka dawo suka zauna a zaurenmu suka ba mu labari, da kuma iyayen da kan zo neman shawara. Maganar tamu guda ce: mun iya sallamar yaro, amma ba mu iya bibiyarsa ba. Manomin albasa a ƙasar Aliero ya san cewa aiki bai ƙare ranar cira ba, domin sau da yawa a wurin ajiya ake tafka asara. Haka karatun waje yake.

Fita neman ilmi gadonmu ne

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ya zauna wurinsa yana karatu, kuma da malamin ya nufi aikin Hajji sai Shehu ya juyo gida domin bai nemi izinin mahaifinsa na wucewa ba. A zamanin boko, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan a 1945, Shehu Abubakar Gumi kuma ya yi karatun koyarwa a Bahtar Ruda ta ƙasar Sudan a tsakiyar shekarun 1950. Dukkansu sun tafi da sanin gida, da sanin abin da suka je nema, suka kuma dawo da shi aka amfana.

A yau hanyoyin sun yi yawa. 'Ya'yanmu na Azhar ta Alƙahira, suna Jami'ar Musulunci ta Madina, suna Indiya da Malesiya da Turkiyya da Rasha da Ingila. Ba ma zargin uban da ya tura ɗansa, domin kuwa kowa ya tuna yajin aikin malaman jami'a na wata 8 a 2022, lokacin da yara suka zauna a gida har wasu suka manta hanyar aji. Abin tambaya shi ne, mun san inda muke tura su?

Abin da yaro ke tararwa

Abu na farko shi ne harshe. Wanda ya sami tallafin karatu a Rasha ko Turkiyya yakan shafe shekara guda yana koyon harshen ƙasar kafin ya taɓa darasin da ya kai shi. Wanda ya je Maroko karatun kimiyya sai ya sha Faransanci. Ko ɗalibin da ya haddace nahawu a zaure, ranar da ya sauka Alƙahira zai tarar Larabcin kasuwa da na direban mota daban yake da na littafi. Yaron da ya saba zuwa na ɗaya a aji sai ya wayi gari bai iya tambayar kuɗin burodi ba.

Na biyu yanayi. Mu da muke kukan hunturu idan iska ta kaɗa a watan Janairu, sai mu tuna cewa a Mosko sanyi kan sauka digiri 20 ƙasa da sifili, a Ingila kuma rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba. A shekarun 2015 zuwa 2017, da watan azumi ya faɗo cikin Yuni, ɗalibanmu na Ingila sun yi azumin sama da awa 18, ga jarrabawa, ga babu mai dama musu kunu.

Na uku takardu. A gida ba mai tambayar mutum dalilin zamansa. A can kuwa zaman yaro gaba ɗaya ya rataya ne a kan biza da takardar izinin zama, ita kuma ta rataya a kan biyan kuɗin makaranta. Idan ɗaya ta tsinke, sauran sun bi ta. Masu cewa yaro zai yi aiki ya riƙe kansa su sani cewa a Ingila doka ba ta yarda ɗalibin digiri ya wuce awa 20 a mako yana aiki ba muddin ana cikin zangon karatu, wasu ƙasashen kuma ba su yarda da aikin ba sam.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne kaɗaici. A nan idan yaro ya kwana biyu bai fito ba, maƙwabta za su leƙa. A can yana iya yin mako a kwance ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ana rasuwa a gidansu ya ji ta waya, ana Sallah ya tafi aji. 'Ya'yanmu mata, waɗanda da yawansu karatun likita da jinya ke fitar da su, su ne wannan ya fi taɓawa.

Shirun ɗalibi

Akwai wani tsohon ɗalibinmu da ya yi karatu a wata ƙasa mai sanyi. Duk hotunan da yake aikowa, yana tsaye cikin ƙanƙara da babbar riga yana murmushi, gari kuma ya ɗauka ya shiga daula. Da ya dawo ya zo gaishe mu, muka tambaye shi yadda ya sami zaman. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, akwai lokacin da na yi kusan wata biyu ba abin da nake ci sai burodi da ruwan shayi." Muka ce, "To, me ya hana ka gaya wa mahaifinka?" Ya ce, "Malam, na san albasar da ya ajiye don jiran tsada ya sayar da ita da wuri saboda ni. Da wane baki zan sake tambaya? Kuma a cikin makonnin nan ne wani ɗan'uwa ya aiko in sayo masa waya."

Wannan magana ta daɗe tana damunmu. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu da kunya da kawaici, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma a ƙasar waje ita ce ke rufe musu baki. Yaro ba zai ce ya faɗi jarrabawa ba, ba zai ce takardarsa ta ƙare ba, ba zai ce zuciyarsa ta ƙuntata har barci ya gagare shi ba. "Lafiya lau" kawai za ka ji. Mu kuma muna taya shi rufewa, domin mun ɗauka duk wanda ya hau jirgi ya yi arziki.

Darussa uku na shekarun nan

Darasi na farko kuɗi. Kafin watan Yuni na 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take. Zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Alal misali, uban da ke biyan dala 3,000 a shekara, wanda ya yi lissafin naira miliyan 1 da dubu 380, sai ya wayi gari ana nemansa da miliyan 4 da rabi, alhali gonarsa ba ta ƙaru ba. A watan Mayu na 2024 duniya ta ji labarin ɗaliban Nijeriya a wata jami'a ta arewa maso gabashin Ingila da aka dakatar, aka ce su bar ƙasar saboda sun kasa biya a kan lokaci. Ko tallafin gwamnati ba abin jingina ba ne ɗari bisa ɗari: ɗaliban da Gwamnatin Tarayya ta tura Rasha da Maroko da wasu ƙasashe ƙarƙashin yarjejeniyar musayar ilmi sun yi watanni ba alawus, daga bisani a 2025 Ma'aikatar Ilmi ta sanar da tsayar da shirin.

Darasi na biyu tsaro. Ranar 24 ga Fabrairu, 2022 yaƙi ya ɓarke a Yukren, ɗaliban Nijeriya suka bazama zuwa iyakokin Folan da Romaniya da Hungari cikin tsananin sanyi. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin azumi, faɗa ya tashi a Hartum, inda 'ya'yan Arewa da yawa ke karatu, musamman a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa. Aka kwashe su a motocin safa zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can kafin a buɗe musu hanya, rukunin farko bai sauka Abuja ba sai ranar 3 ga Mayu. A cikin waɗannan kwanaki wani uba ya zo wurinmu hankali a tashe. Muka tambaye shi sunan makarantar 'yarsa da unguwar da take zaune da lambar wani na kusa da ita. Ya ce, "Wallahi Malam, Sudan dai na sani." Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Mu ma da ke da ƙungiya ba mu da takarda guda mai ɗauke da sunayen 'ya'yanmu na waje.

Darasi na uku takardar shaida. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya zauna a aji ba. A watan Janairu na 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Binin da Togo, kuma abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Mu da jiharmu ta yi iyaka da Binin ta wajen Bagudo, wannan ba labarin nesa ba ne. Bugu da ƙari, duk wanda ya yi karatu a waje sai an tantance takardunsa kafin ya tafi bautar ƙasa, wanda ya karanta likita kuma sai ya ci jarrabawar majalisar da ke kula da aikin likitoci kafin ya taɓa majinyaci. Uban da bai san wannan ba, yana iya sayar da gona ya sayo takardar da ba ta da amfani.

Abin da ya rage gare mu

Ku 'yan'uwa mazauna birane, ku ake fara nema idan takardar gurbin karatu ta zo, ku ake kira idan abu ya lalace. Saboda haka muna ba da shawarwari biyar.

Na ɗaya, ƙungiya ta buɗe rajista ta duk ɗan ƙasar nan da ke karatu a waje, daga Jiga Makera da Jiga Birni da Aliero har zuwa Jega da Maiyama: sunansa, makarantarsa, garin da yake, ranar ƙarewar fasfo da izinin zamansa, da lambar abokin zama guda. A kuma umarci kowane yaro ya yi rajista da ofishin jakadancin Nijeriya da ƙungiyar ɗalibai da zarar ya sauka.

Na biyu, a naɗa mutum uku daga cikin ma'aikatanmu na Abuja da Birnin Kebbi waɗanda uba zai kai wa takarda kafin ya biya dillali ko kwabo, su bincika a Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ko an amince da makarantar.

Na uku, a yi lissafin karatun gaba ɗaya da kuɗin ƙasar da za a je, daga shekarar farko zuwa ta ƙarshe, har da haya da magani da tikitin dawowa. Idan lissafi bai kai ba, babu abin kunya a fara a gida. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Aliero tun 2006, ga Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, ga ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Yaro ya yi digirin farko kusa da iyayensa, hankalinsa ya nuna, sa'an nan ya nemi na biyu a waje.

Na huɗu, a ware wani abu daga kuɗin ƙungiya a matsayin asusun gaggawa, ba don biyan kuɗin makaranta ba, sai don ranar da yaro ya maƙale a kan iyaka ko ya kwanta asibiti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, kowane ɗalibi a haɗa shi da babban wa ko babbar ya daga cikinku, wanda ba mahaifinsa ba, wanda zai kira shi ko da sau ɗaya a wata. Kada a tsaya a "yaya karatu?" A tambaye shi abin da ya ci jiya, da wanda ya yi hira da shi a makon nan, da yaushe takardarsa za ta ƙare. Abin da yaro ba zai iya gaya wa uba ba, yakan gaya wa wa. Mu kuma na gida mu daina aika musu saƙon waya da agogo. Ɗalibi ba ɗan kasuwa ba ne.

Kammalawa

Ranar da yaro zai tafi mukan cika mota mu raka shi, mu yi masa guzurin kilishi da kuka da daddawa da yaji, mu yi addu'a mu juyo. Wannan guzuri wata biyu yake yi ya ƙare, karatu kuwa shekara huɗu ne ko shida. Muna roƙon shugabannin ƙungiya kada a tashi daga wannan taro sai an ba wani takarda da alƙalami ya fara rubuta sunayen, domin iyayen yaran suna zaune a cikinmu yanzu haka.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke, Ya ba su abin da suka je nema, Ya dawo mana da su lafiya. Ku kuma Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.