Kalmomin Nazarin Labarin Zane: Jawabi a Taron Shekara

Shugaban ƙungiya, malamanmu kuma iyayenmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake saduwa.

Da yawa a cikinmu sun sha bulala saboda an kama su da littafin zane a ƙarƙashin benci. Malam, ba ƙararka na kawo ba. Abin da ya kawo ni shi ne, abin nan da muke ɓoyewa yanzu jami'o'i na karantar da shi, mu kuwa ba mu tanadar wa 'ya'yanmu kalmomin nazarinsa da Hausa ba.

Ga waɗanda nake ba da shawara. Kowane hoto da aka kewaye da layi, mu kira shi "gida". Farin filin da ke tsakanin gida da gida, "lungu". Da'irar da ke fitowa daga bakin mai magana, "kumfar magana". Idan zancen zuci yake yi, "gajimaren tunani".

Kada ku raina lungun nan. A gida na farko an zana yaro ya ɗaga sanda; a na biyu ga ƙwarya a fashe, nono ya malale. Wa ya ga dukan? Babu wanda ya zana shi, mai karatu ne ya cike shi da kansa. Scott McCloud ya yi dogon bayani a kan wannan a littafinsa Understanding Comics na 1993.

Sauran kalmomin kuwa tuni malamanmu na Hausa suka ba mu su: jigo, zubi da tsari, salo, tauraro, alamtarwa da dabbantarwa. Ku ɗauki littafin Maus na Art Spiegelman, mutumin Amurka, wanda ya fito kashi biyu, a 1986 da 1991, ya kuma sami lambar Pulitzer a 1992. Labarin mahaifinsa ne, Bayahuden Poland da ya tsira daga sansanin Auschwitz. Ya zana Yahudawa a matsayin ɓeraye, Jamusawa a matsayin kyanwoyi. Wannan ai dabbantarwa ce, kuma kafin a faɗa maka jigon, idonka ya gaya maka wane ne mafarauci, wane ne abin farauta. Wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba baƙo ba ne a nan.

Roƙona biyu ne. Na farko, cikin gudummawar da muke bai wa laburaren makarantarmu bana, a sa littattafan zane masu ma'ana, malamai su tantance su. Na biyu, malamanmu su duba kalmomin nan, su gyara inda na kauce. Yaron da bai san sunan abu ba, kallo kawai zai yi masa, ba zai iya auna shi ba, balle ya zana namu labarin.