Ciwon Sukari da Shanyewar Ɓarin Jiki



Duk sanda muka je duba wanda ɓarin jikinsa ya shanye, maganar iyalinsa ɗaya ce: "Lafiya lau ya kwanta." Haka aka ce game da wani abokina da muka yi shekaru muna koyarwa tare. Ashe ya daɗe da ciwon sukari bai sani ba, yawan ƙishirwa da fitsarin dare kuwa ya ɗora wa bazara laifinsu.

A irin ciwon sukarin da ke kama manya, jiki ne ke daina sauraron sinadarin insulin, sai sukari ya taru cikin jini. Shi ke lalata bangon jijiyoyin jini sannu a hankali, kitse ya sami wurin maƙalewa, hanya ta ƙuntata, jinin kuma ya riƙa saurin daskarewa. Ranar da gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da wani sashe na ƙwaƙwalwa, cikin 'yan mintoci sashen zai fara mutuwa. In ɓangaren hagu ne, ɓarin dama ke shanyewa, sau da yawa har da magana. Haɗarin mai ciwon sukari ya kusa ninki biyu na wanda ba shi da shi, balle in hawan jini da taba sun shigo ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan jijiyoyin can cikin ƙwaƙwalwa, sirara kamar silin gashi. Sukan toshe ɗaya bayan ɗaya ba tare da mutum ya faɗi ba. Sai mantuwa da jan ƙafa su biyo baya, mu ce tsufa ne.

Ku mazauna birni, daga mota sai kujerar ofis, ga farar shinkafa ga lemon kwalba, ku je a auna ku. In awon safe kafin karin kumallo ya kai 126, aka maimaita ya tabbata, ciwon ne. Wanda aka ɗora wa magani kada ya daina don ya ji sauƙi, kuma ya riƙa auna hawan jininsa.

In baki ya karkace, hannu ya saki, ko harshe ya sarƙe, a garzaya babban asibiti, domin allurar narkar da gudan jini ta fi amfani cikin awa huɗu da rabi na farko. Kada a ɗura masa komai a baki, zai iya ƙwarewa.

Allah Ya ƙara mana lafiya.