An kawo wuta, amma ta isa?

An kawo wuta, yara sun ɗau ihu, amma ƙwan ɗaki ja wur kamar garwashi, fanka na juyawa da ƙyar. Kayan lantarkinmu an ƙera su ne don ƙarfin bolt 220 zuwa 240. In ya faɗi ƙasa, firji ke fara jin jiki, injinsa ya yi ta gurnani har ya ƙone. Mu ma da namu laifin: dutsen guga yana cin wajen wat 1,000, butar lantarki ta ninka haka, duk mun cusa su a soket ɗaya mai siririyar waya. Can sai ka ji ƙauri. Uwargida, in wuta ta yi rauni, fara zare firjin tukuna.