Filin Wasan Yara: Mu Gyara Ƙasa Kafin Mu Kafa Lilo

Jawabi ga dattawan ikilisiya, zumuntar mata da malaman makarantar Lahadi



Ikilisiyoyi da dama suna so su kafa lilo da abin zamiya a harabar majami'a. Wannan abu ne mai kyau. Dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ma ta lissafa wasa cikin haƙƙin yaro. Amma kafin mu kira mai walda, bari mu yi maganar ƙasar da yaron zai faɗa a kai.

Hukumar gwamnatin Amurka mai lura da hatsarin kayan da ake sayar wa jama'a ta fara fitar da jagora kan filin wasa a 1981. Ba dokar ƙasarmu ba ce, amma ƙashin yaro ɗaya ne ko'ina. Jagorar ta nuna yawancin raunuka daga faɗuwa suke zuwa. Siminti, kwalta da daɓe ba su dace a ƙarƙashin lilo ba. Ciyawa ma ba ta isa ba.

Ga abin da za mu iya yi da hannunmu:

Na ɗaya, a zuba yashi mai laushi zurfin inci 9, wato kamar taƙi guda. Wannan yana kāre yaron da ya faɗo daga tsawon ƙafa 4 ne kawai, don haka kada abin hawan ya wuce haka.

Na biyu, yashin ya kai ƙafa 6 ta kowane gefe. Gaba da bayan lilo kuwa, ya kai ninki biyu na tsayin lilon.

Na uku, kada a bar tazarar inci 3 da rabi zuwa inci 9 tsakanin ƙarafa. Jikin yaro yakan wuce, kansa ya maƙale.

Na huɗu, a sa abin zamiya na ƙarfe a inuwa, gama rana tana sa shi ƙona fata.

Yashi yakan watse, damina kuma takan kwashe shi. Muna roƙon kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu su riƙa dubawa kowace Asabar, su tsince kwalba da ƙusa, su ƙara yashi. Babba kuma ya tsaya kusa duk lokacin da yara suke wasa.

In kuɗin bai kai lilo da yashi tare ba, mu fara da yashin. Amanar Allah ce yaran nan a hannunmu.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.